Ranar da Aka Mayar da Hita Bayin Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifina a gidanmu na Ƙofar Marusa. Ya samu sauƙi, sai dai wanka ya zame masa abin kunya. Kullum mahaifiyata za ta dafa ruwa, ni in ɗauka, in sirka, in tsaya ina zuba masa. Ba ya iya haɗa ido da ni.

A ɓangarena akwai hita, wadda ke dafa ruwan wanka da lantarki. Na ce a mayar da ita bayinsa. Da yake ina ji da difloma, na auna bangon bayin, na ɗauki sifana na ce kwance ta aikin minti goma ne. Juyi biyu na yi, ruwan zafi ya feso mini a hannu. Na yar da sifana na yi tsakar gida ina salati.

Mahaifiyata ta aika a kira wani tsoho mai gyaran famfo daga Ƙofar Guga. Ya zo a keke, ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, sannan ya dubi hannuna.

"Injiniya, ka kashe wuta?"

"A'a, Malam."

"Ka rufe ruwan tanki?"

Na girgiza kai.

"To, Allah ya so ka."

Ya kashe wuta, ya rufe ruwa, ya ce mu jira hitar ta huce. Sannan ya sa tiyo a gindinta, ya buɗe famfon sama don iska ta shiga. Na ce a bar ruwan ya bi kwata.

"Ruwan ga? A Katsina?" in ji shi. Ya sa aka jera bokitai da tukwane. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Kafin ya huda bangon bayin da za a kafa ta, sai ya ce a kawo mahaifina. Ya zaunar da shi a kujerar wanka.

"Alhaji, miƙa hannun da ke aiki."

Inda hannun ya tsaya ya yi alama da gawayi, nan ya kafa famfon. Ya kuma cire kan da ake murɗawa, ya sa mai mariƙi, wanda ko da tafin hannu aka tura zai buɗe.

Washegari da na kai mahaifina bayi, na tsaya kamar yadda na saba. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido.

"Fita, ka ja mini ƙofa."

Ni da mahaifiyata muka tsaya a waje muna sauraron ruwa yana zuba, tana share ido da gefen mayafi.

Tsohon nan ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna shi sai in ji nauyi: ni da aka haifa a gidan bango na auna, shi da ya zo sau ɗaya mutum ya auna.