Ruwan Randa a Kofin Tofi

Ni dai tun asali ba ni da saurin yarda. Ko gyaɗa zan saya sai na fasa ɗaya a gaban mai tallar. Da wannan hali nake shiga zauren mahaifina, Baba, a Takur, inda ake kawo masa masu larurar aljanu yana yi musu ruƙiyya. In mace aka kawo, ni ake aikowa a kira daga gidana, in zauna kusa da ita ina gyara mata mayafi, shi yana karatu daga gefe.

Baba bai taɓa kallon fim ba. Ni kuwa ba a bar ni a baya ba wajen finafinan aljanun nan, inda malami mai dogon carbi zai yi ta karatu, yarinya tana birgima, aljani yana kuka da muryar ƙato wai an ƙona shi, daga ƙarshe ya musulunta ya fita ta babban yatsan ƙafa. Da suka cika wayoyin mutane, sai na lura aljanun zaurenmu ma sun waye. Da can mara lafiya hamma take ta yi da hawaye. Yanzu kowacce sai ta juya ido ta ce, "Malam ka bari, zan fita." Na koma zargin duk wadda aka shimfiɗa wa tabarma.

Ana haka aka kawo Goggo daga wata ruga a Buji. Ba jini ya haɗa mu ba, mijinta ne ya yi karatu a wajen Baba tun suna samari, muna ce masa Baffa. Wata huɗu kafin nan ɗanta na fari ya rasu a asibiti a nan Dutse, magidanci da 'ya'ya biyu. A gidana ta sauka lokacin jinyar. Alkunyar ɗan fari irin tata ban taɓa gani ba. Ko ma'aikaciyar asibiti ta tambayi sunan mara lafiya, sai Goggo ta kalli ƙasa, ni in amsa. "Wancan" take ce masa. In ta dawo hutawa da rana nakan kunna mana fim a waya don in ɗauke mata hankali, ta kalla tana ta a'uziyya. Ranar rasuwar ban ga hawayenta ba. Ta ce Allah ya karɓi abinsa, ta naɗe tabarmarta.

Ranar da aka kawo ta zauren, da hantsi suka iso ita da Baffa. Baba ya yi tofi a kofin silba ya miƙo mini, ya fara karatu. Ina yayyafa mata ruwan ta zabura, murya ta yi kauri.

"Wuta, Malam, wuta. Ka bari."

Gabana bai ko faɗi ba. Na san wannan muryar, na san wannan juya kan, a tsakar gidana ta gan su. Ta yi ta birgima tana kuka, tana kiran wani suna ba ƙaƙƙautawa. Ban tsaya sauraro ba, ina can ina lissafa abin da ta kwaikwayo. Da ta lafa ta sha ruwa, suka koma Buji. Bayan mako biyu suka dawo, aka maimaita. Haushi ya kama ni. Dattijo yana ta ƙarar da muryarsa, shi kuma Baffa yana barin shanu a hannun maƙwabta, duk a kan wasan kwaikwayo.

A zuwa na uku, da Baba ya miƙo kofin, sai na ce bari in ɗauko mata wani mayafi. Na shiga cikin gida na juye ruwan tofin a kwano na rufe, na ɗebo na randa. Ina yayyafawa ta ce wuta.

Na bari sai da ta yi nisa, sannan na dafa ta.

"Goggo, ruwan randa ne wannan. Ba a yi masa tofi ba."

Kukan ya tsaya cak. Ta tashi zaune, ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Baffa ya sunkuyar da kai. Baba kuwa bai katse ba sai da ya kai ƙarshen sura, ya shafa addu'a, ya raka su bakin titi.

Da ya dawo ina tsaye ina jiran yabo.

"Uwata, kin gama binciken?"

"Baba, wallahi a fim ta gani. Ni na nuna mata."

"Tun zuwan farko na san babu aljani a jikinta."

"To me ya sa kake wahalar da kanka?"

"Alƙur'ani ai ba don aljani kaɗai aka saukar da shi ba." Ya ɗauki kofin ya leƙa ciki. "Ke murya kika saurara. Sunan wa take kira?"

Sai a lokacin na ji shi sosai a kunnena. Sunan ɗanta ne, wanda na yi ta faɗa wa ma'aikatan asibiti a madadinta. Tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, ba ta kuma da ikon yi masa kuka a gaban mutane. In aljani ne ya kira, babu mai cewa ta yi rashin kunya. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Ba su sake zuwa ba. Bayan Sallah na shirya na je Buji, ina ta tsara yadda zan nemi gafara. Ta tarbe ni da fara'a, ta dama mini fura da nono mai kyau, ta tambayi Baba da yara ɗaya bayan ɗaya. Na kasa buɗe zancen. Da zan tafi ta kira jikokinta biyu su gaishe ni, ta dafa kan babban.

"Ga 'ya'yan wancan," ta ce.