Tabon Kan Sauda

Sauda ta Tamawa maginiyar tukwane ce, tun tana budurwa ake rububin randunanta a kasuwar Kurfi. Tana goyon ɗanta na uku ciwon kai ya sako ta gaba. Daga nan sai amai, sai faɗuwa, idon hagu ya dushe. Matar da ba a jin muryarta ta koma zagin kowa. Aka ce iska ce. Yayanta Jibo ya ɗaure ta da igiyar shanu a bayan rumbu, damina guda, mata na leƙenta ta saman danga.

Malam Alu, malamin asibiti a Dutsin-Ma, shi ya ce sam ba iska ba ce. Aka tura ta Katsina, daga can Kano, sai jirgin ƙasa har Ibadan, inda likita ya buɗe kanta ya ciro ƙari kamar ƙwan zabo. Bayan samun 'yancin kai ne da 'yan shekaru. Kafin a sallame ta, likitan ya ce mata har yanzu bincike suke a kan ciwon, kayan aiki kuwa sun yi musu kaɗan.

Ta dawo da ido ɗaya da hankalinta garau, ba ta kuma manta fuskar kowa ba. Da kaka ta kama sai ta ɗaura wa jaki mangala ta bi gida gida tana tara gero da gyaɗa, Malam Alu ya sayar ya aika wa likitocin Ibadan kuɗin. Ba roƙo take ba. Ɗankwali take tuɓewa ta nuna tabon.

"Ga iskar taku nan, wuƙa ta cire ta. Ku kawo dami."

Jibo ya tare ta a ƙofar gidansa. "Ke Sauda, kin ishe mu da tonon asiri."

"Yaya, da ka ɗaure ni, wa ya rufa mini nawa?"

Bai ba ta ko zangarniya ba, har ya mutu ba sa ga maciji.

Daga baya ta ji labarin wata Tani a Kuki mai irin ciwon. Ta yi ta faɗa da dangin Tani har suka bari ta kai ta Ibadan. Tani ta rasu kwana biyu bayan aiki. Mijin ya zo Tamawa da ƙannensa, suka farfasa tukwanen da Sauda ta gasa, maƙwabta na tsaye, babu wanda ya ce a bari.

Ta share ɓaraguzan ta kwaɓa sabon yumɓu. Da kaka ta zagayo, gidan mijin Tani ta fara yi wa sallama.