Bayan Sallah Za a Buɗe

Lokacin annobar korona, da aka kulle Doha kowa ya shige gida, tashar jiragen ruwa ba ta rufe ba. Can nake aiki, ina cikin masu gyaran manyan ƙugiyoyin da ke sauke kwantena. Wata safiya gari ya yi tsit, babu ko ƙarar mota, sai wani jirgi ya saki ƙahonsa. Wallahi sai da na ajiye sifanar da ke hannuna. Muryar jiniyar masaƙarmu ce ta Kakuri, sak.

Na ce masaƙarmu, alhali ko zare ɗaya ba mu mallaka a cikinta ba. Baba ma'aikaci ne a sashen da ake buga wa atamfa zane. Amma haka kowane yaro a unguwarmu ta Kaduna yake cewa, kuma da gaske muke. Jiniyar nan ita ce agogon kowa. In ta yi kuka, Inna ta san lokacin ɗora tukunya ya yi, mu kuma mu ruga bakin titi mu ga fitowar ma'aikata. Kekuna ne kamar ba za su ƙare ba, har da na Baba, kowa da ɓurɓushin auduga a gashi da gira. Masu tuwo, masu ƙosai, masu facin taya, duk jiniyar ce ke ciyar da su. Da damina ruwan rini kan biyo kwata, mu yi ta musu da sassafe, wannan ya ce yau ja ne, wancan ya ce shuɗi. Wanda ya canka shi ne sarkin ranar.

Manyan motoci kan yi layi a bakin ƙofa, fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru suna kwana a ƙarƙashinsu suna jiran kaya. Nakan tsaya in harɗe hannu ina kallonsu, kai ka ce ni na saƙa. Baba kuwa yana da wata ɗabi'a. Duk atamfar da ta shigo gidanmu sai ya kama gefenta ya ɗan lasa. In ya ji gishiri-gishiri ya gyaɗa kai. In bai ji ba ya tofar, ya ce wa Inna, "An cuce ki. Wannan ba tamu ba ce."

Ina makarantar sakandare jiniyar ta fara tsallake rana, sannan mako, sannan ta yi shiru. Kasuwa ta cika da atamfar waje mai araha, wadda ko Baba bai lasa ba ka san amsar. Duk da haka kowace Asabar sai ya sa an goge masa kayan aikinsa an rataye. Na taɓa tambayarsa yaushe za a buɗe. Bai ko ɗago ba ya ce, "Bayan Sallah." Ƙarama ta wuce, babba ta wuce, na sake tambaya, amsar ba ta canza ba. Har na yi gemu, har na bar ƙasar, ana nan ana jiran bayan Sallah.

To ka ga inda Allah Ya kawo ɗan Kakuri. Ƙasa ce da ba ta da kogi, ba ta da gonar auduga, ciyawa ma sai an shayar da ita kamar jariri. Amma madarar da nake zubawa a shayi a nan ake yin ta. Jirage na shigowa da kaya, suna fita da abin da masana'antunsu suka sarrafa, ni kuma ina tsaye ina ɗaure musu noti. Ba na yi musu fatan tsiya, sun yi mini halacci. Amma ƙyashi kam ina yi, kuma ba kaɗan ba.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai a cikin gidana yake, a unguwar Al Wukair. Ina da 'ya guda, sunan Inna gare ta, don haka Mamana nake ce mata. A nan ta yi wayo. In mun wuce ta kusa da tasha sai ta nuna ta ce, "Abba, dubi jiragenmu!" Jiragenmu! Da irin muryar da nake cewa masaƙarmu. Haba, ni da na haife ta, wata ƙasa ta zo ta ɗauke mini ita da rana tsaka, ni kuma ba ni da abin da zan nuna mata in ce ga namu.

Baba ya rasu cikin kullen koronar nan, ban sami jana'izarsa ba. Kafin nan yakan kira ta bidiyo ya tsokane ta, "Amarya, yaushe za ki tare? Na tanadi lefe." Ashe ba wasa kawai yake ba. Da aka buɗe hanya Inna ta aiko da turmin atamfa ɗaya, kore da zanen ganye ruwan ƙwai, cikin na ƙarshe da injinsa ya buga. Na buɗe, na lasa gefen. Gishirin na nan. Na mayar na kulle a akwati, na ce ko ni ba zan sake taɓawa ba.

Sai gasar cin kofin duniya ta zo, gari ya cika da baƙi maƙil. Mu 'yan Nijeriya ba mu samu zuwa ba, Ghana ta tare mu, maƙwabcina kuwa ɗan Zangon Kumasi ne. Kullum muka haɗu sai ya leƙa bayana ya ce, "Maigida, Nijeriya bai iso ba har yanzu? Ko jirgi ya lalace?" Na shanye wannan. Amma ranar da Mamana ta ce in saya mata riga mai ruwan zoɓo irin ta tutar ƙasar nan, don kowa a kasuwa yana sanye da ta ƙasarsu, ban iya shanyewa ba. Na ɗauko akwati. Tela a Aziziya ya ɗora almakashi, na juya baya har ya gama yankawa.

Da la'asar muka shiga tsohuwar kasuwar da baƙi ke tururuwa. Kai, yarinyar nan ta haska! Wannan ya ce hoto, waccan ta shafa hannun rigar. Na ji Mamana tana ce wa mutane kakanta ne ya yi, a Kaduna, a masaƙarsu. Masaƙarsu fa. Na ji kamar an ɗora ni a kan keken Baba.

Sai wata baƙuwa ta durƙusa ta yi mata magana, Mamana ta juyo da murna. "Abba, wai a ina za ta samu ta saya? Da yawa take so."

Me zan ce? In ce rufin ya yaye, awaki ke kwana inda injin Baba yake? Na ce, "Ki ce mata ya ƙare, Mamana."

Ta faɗa mata, sannan ta kama hannuna. "To yaushe za a sake yi?"

Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Bayan Sallah." Ta juya ta gaya wa matar, har da ɗaga kai.

Baƙi sun watse tuni, jirage na ci gaba da saki ƙaho, rigar ma ta yi mata kaɗan. Shekaru na yi ina ganin Baba ya ƙi karɓar gaskiya. Yanzu na san ya sani sarai, idona ne ya kasa kallo ya faɗa. Mamana kuwa ba ta manta ba. Bana ma, muna dawowa daga Idi, ta tuna mini.