Ranar da Ƙanwata Ta Zo Gonar Kaji da Baƙinta

Ni na fara karanta likitancin dabbobi a gidanmu. Ƙanwata bayana ta biyo, da littattafaina ta yi karatu, har farar rigata ta ɗakin gwaji ta gada, tana naɗe hannayen don sun yi mata tsawo. Da na gama na buɗe shagon maganin kaji a unguwar Daɗin Kowa. Ita kuwa ta samu aiki a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ba a jima ba aka sa ta cikin wani aikin haɗin gwiwa da masu bincike na ƙasashen waje, waɗanda ke bin sawun sababbin cututtuka tun kafin su tsallako daga dabbobi zuwa mutane.

Daga nan hirar gidanmu ta canza. Baba, da bai taɓa tambayata sunan magani ko ɗaya ba, ya koma yana yi wa abokansa dillalan tumatir a kasuwar Farin Gada bayanin murar tsuntsaye. In na je gaishe shi a rumfa sai ya ce, "Ga wan nata nan, shi maganin kaji yake sayarwa." Ba da wata manufa yake faɗa ba. Ni dai sai in yi dariya, in koma shago abinci ya ƙi shiga.

Wata safiya wata tsohuwar malamar makaranta, Bayarabiya, da ke sayen magani a wurina ta kira ni. Kajinta suna ta faɗuwa. Na je gonarta na tarar da su a zube, kawuna a kumbure, tukkayensu sun yi shuɗi. Na san abin ya fi ƙarfin shagona. Na daɗe riƙe da waya kafin na kira ƙanwata.

"Yaya, don Allah kar ka bari ko ƙwai ya fita daga gonar nan," ta ce. "Ga mu nan."

Ta iso da wani Bature mai furfura da wata likita daga gabashin Afirka. Suka rufe jikinsu ruf da fararen kaya. Yarinyar da na koya wa riƙe sirinji ita ke cewa a ɗebi nan, a bar can, dattijon nan yana gyaɗa kai yana bi. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina tsaron bahon ruwan maganin da ake tsoma takalma.

Da suka fito Baturen ya nuna ni, ya tambayi ƙanwata da Turanci ko ni ne mai kula da gonar.

"Yayana ne," ta ce. "Likita ne, shi ya fara ganowa ya kira mu."

Ya miƙo hannu da fara'a. Gaskiya ta faɗa, kuma don ta kare ni ta faɗa, amma wannan ya fi tambayar ciwo. A gaban baƙo, sai da ƙanwata ta ba ni matsayi sannan na samu.

Gwaji ya tabbatar murar tsuntsaye ce. Aka hallaka sauran kajin, malama ta zauna a kan buhun dusa tana kuka. Allah ya taimaka babu mutumin da ya kamu, cutar kuma ba ta kai maƙwabta ba.

Bayan nan ƙanwata ta same ni a shago. "Yaya, muna neman likitocin da manoma suka yarda da su, su riƙa sanar da mu da wuri. Ka shigo mana."

Na ce zan yi tunani. Na ja lokaci, ba don komai ba sai don kada a ce da gudu na amsa. Daga baya na shiga.

Yanzu nakan kai musu samfur Vom a cikin kular ƙanƙara, wani sa'in ita ke karɓa. Aikin yana min daɗi. Amma duk ranar da ta turo hotonta a wajen wani taro a zauren danginmu na waya, nakan bari kowa ya gama sa albarka, sannan in rubuta Masha Allah.