An Tambayi Malam, Ba a Tambayi Likita Ba

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu na cigiyar ko na mutu. Ina nan. Mai ɗakina Hajiya ce ta kwanta. Ban iya rubutu ba, ina faɗa ne 'yata Binta tana dannawa.

Hajiya ta daɗe da daina al'ada, sai ga jini ya dawo, kaɗan-kaɗan.

Abin da ya dami gidan kaf shi ne, ta yi salla ko ta bari? Aka aika wurin malam, ya ce jinin ciwo ne, ta yi alwala ta yi sallarta. Kowa ya ji "salla", ba wanda ya ji "ciwo".

Ni na ji. Gwaggona haka ta tafi a nan Zaitawa. Matar maƙwabcinmu ma haka. Ban manta ba.

Na kai ta asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan naman mahaifa aka kai gwaji. Likita ta ce, "Baba, bangon mahaifar ya yi kauri, ƙwayoyin naman kuma sun fara sauya kama. Bai zama daji ba tukuna, amma ya kama hanya. A cire ta yanzu."

Sai yayanta Alhaji Sule ya zo. "Ƙanwata ba za ta shiga kabari da giɓi a jiki ba. Kai dai ba ka jin magana."

Hajiya ta ji nauyin yayanta, ta ƙi sa hannu. Aka koma jiƙe-jiƙe.

Kafin azumi ya zagayo ta ɗashe, tsakar gida ma sai an riƙe ta. Muka koma asibiti. Ya zama daji.

Aka yi fiɗar da aka ƙi, aka ƙara da ƙarin ruwan da ya zubar mata da gashi. Ni na riƙe mata kwanon amai. Alhaji Sule waya yake bugowa.

Ta tashi, alhamdu lillahi. Jiya da kanta ta dama kunu.

Alhaji Sule ya zo barka yana cewa, "Allah ya yi." Na ce, "Ya yi, Alhaji, amma ba da hannunka ba."

Likitoci da waɗanda suka ba da jini, Allah ya saka.

Ku kuma, tsohuwa in ta ga jini, ko ɗigo ne, a kai ta gwaji. In aka ce naman ya fara sauya kama, kada a tsaya jiran wanda ba shi zai yi jinya ba.