Baƙin San Fadama

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye kusa da Andarai, hedimasta bai fara yi mini maganar aji ba. Maganar wani sa ya fara yi. Baƙi ne, ƙahonsa ɗaya a karkace, na wani Bafillatani da ke zaune bayan fadama. Ya ce in na hango shi in sake hanya, mugu ne. Na tambaye shi wa ya taɓa soka.

"Kowa ya sani," in ji shi.

Daga ranar na fara ganin mugunta a jikin san. In ya ɗaga kai, ni yake aunawa. In ya sunkuya cin ciyawa, dabara ce. Hanyar fadama ce mafi kusa da makaranta, amma shekara biyu ina zagayawa ta bayan gari.

Wata safiya da rani na makara, na bi ta fadama. Ina tsakiyar fangalan albasa sai ga shi ya nufo ni, yana tafiyarsa a hankali. Ni na yi gudun. Na taka bakin wani ramin ban ruwa, na faɗa a kan hannuna na hagu. San ya iso, ya leƙa ramin, ya shinshina jakata, ya wuce.

Wani maƙwabcina ya ɗauke ni a babur zuwa Aliero wurin mai ɗori. Ana jan hannu ina ihu, maƙwabcin nawa kuwa yana ba da labarin yadda ƙaho ya ɗaga ni sama. Na ce faɗuwa na yi.

"Malam, ba ka cikin hayyacinka," ya ce. "Mu mun gani."

Babu kowa a fadamar lokacin.

Kafin a kwance ɗorin labari ya kai gidanmu a Jega. Mahaifiyata ta aiko yayata ta duba inda ƙahon ya shiga. Ta duba ba ta samu ba, ta koma ta ce Allah ya rufa asiri, ya warke ba tabo.

Bafillatanin ya zo gaishe ni da ƙwaryar nono. Dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya ce san nan ko kaza bai taɓa kora ba. Uwarsa ta mutu yana maraƙi, matar dattijon ta rene shi da dusa a hannu, shi ya sa duk wanda ya gani da jaka yake binsa. Ƙahon kuwa a shinge ya maƙale har ya karkace.

"Baba, me ya hana ka gaya wa mutane?"

"Na gaya musu. Da na ga ba mai kusantar garkena, sai na bari."

Da na warke na ƙulla dusa da gishiri na tafi fadama. Na miƙa wa san, ya lashe tas, har ya goga mini majina a riga. Wasu masu ban ruwa biyu suna kallo daga nesa.

Ranar Juma'a wani magidanci ya yi sallama, ya ce daga Maiyama yake. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya matso ya ce a taimaka masa da layar da ake kwantar da mugun sa da ita. Na ce dusa ce da gishiri. Ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ne, Malam. Irin wanga abu ba a ba da shi rana guda. Ni dawo."

Ya dawo sau uku. Na ukun da zakara ya zo. Na ƙi karɓa, ya ɗaure shi a ƙafar babur ɗin maƙwabcina ya tafi.