Sunana Yana Bango, Ni Ina Fada Ina Shan Shayi

Shekarun baya, lokacin ina haya a wani ɗan ɗaki a Kirkissoye, ba ni da buri a duniya sai na ci konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati. Don ita kaɗai na baro Maradi na zo Yamai. Da safe ina koyar da lissafi a wata lakwal mai zaman kanta, da la'asar in zauna fada, wato majalisar samarin unguwa, muna shan shayi.

Sau uku ina rubutawa, sau uku ina faɗuwa. Ga wanda bai sani ba, idan sakamako ya fito a bango ake liƙa sunaye can Plateau, wanda ya ga nasa sai ya koma ranar da aka sa don jarrabawar baki. Ni kuwa da rawar kaina, duk shekara sai na kwashi ƴan fada su raka ni. Mu tsallaka gada, in bi takarda da yatsa daga sama har ƙasa, in sake daga ƙasa har sama. Babu. A hanyar dawowa ni ne abin hira.

Wani abokina, haifaffen Yamai, ya fi kowa baki, har ya laƙaba min Mushe Direkta, wato malam darakta da Faransanci. "Mushe Direkta, bana ma tawada ta ƙare kafin a zo kanka?" A kwashe da dariya, ni ma in yi ta yaƙe. Wata rana kuma ya gyara zama ya ce, "Tsakani da Allah, wa ka sani a sama? Masu ci an san su tun ba a raba takarda ba. Kai dai kana wahalar da ƙafarka."

Karo na huɗu shi ne na ƙarshe, don daga shi shekaruna sun wuce ƙa'ida. Na yi karatu kamar zan haukace, na rubuta. Amma ranar da aka ce sunaye sun fito, wallahi na saka takalmi na cire ya fi sau uku. Maganarsa ce kawai take yawo a kaina. Sai na yi wa kaina wayo, na ce ai a garin nan wanda ya ci ba ya neman labari, masu barka ne ke cika masa ƙofa. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai duba min ba, alhali duk wanda ya san ni ya riga ya cire rai.

Mahaifiyata ta kira daga Maradi ta ce, "Ka je ka duba?"

Na ce, "Na duba, Inna. Babu."

Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Bayan sati uku ina cinikin tattasai a Petit Marché sai wata mata ta kira ni. Ita ce wadda ta zauna kusa da ni a ɗakin jarrabawa. "Mushe, ina ka shiga? Ciwo ka yi? Sau uku aka kira sunanka ranar jarrabawar baki, har muna waige-waige."

Innalillahi! Ban san sanda na haye kabu-kabu ba, sai ga ni a Plateau. Takardar tana nan a bango, rana ta cinye ta, gefe ɗaya ya ɓalle. Ga sunana nan, ko yatsa ban sa ba na gan shi. Na roƙi mai gadin wurin, na rantse, na yi kuka a gaban mutane ba kunya. Ya ce, "Ɗana, sai haƙuri. An gama, an rufe."

Na koma na gaya wa ƴan fada. Sai abokin nan nawa ya ce, "Kai ma dai! Wa ya ce ka ɗauki zancenmu? Mu fa wasa muke." Ya miƙo min shayi.

Har yau ina koyarwa a lakwal ɗin nan, kuma alhamdulillahi ina ci ina sha. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce ya wuce ba. Duk sanda na ga masu fita daga ofis da yamma a Plateau sai zuciyata ta yi nauyi. Faɗuwa uku ba ta kayar da ni ba, ni na zauna da kaina saboda bakin mutanen da ko takardar jarrabawar ba su taɓa riƙewa ba. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina, ko duk unguwa ta ce ba za ku iya ba, ku je ku gani da idonku.

Kwanan baya muka haɗu da abokin nan wurin wani suna. Ya yi ƙiba, ya yi furfura. Ana cikin hira na tuna masa shekarar da na ƙi zuwa duba sakamako. Ya ɗaga kai daga kwanon shinkafa, ya dube ni da gaske, ya ce, "Wane konkur?"